Kano zuwa Jidda: awa huɗu ne ko bakwai?

Hajiya ta Makka: Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata za ta zo Umra, tikitinta ya nuna tashi daga Kano ƙarfe 10 na safe, sauka Jidda 4:30 na yamma. Ga ta da ciwon ƙafa, ina za ta iya zaman awa shida da rabi? Mu dai awa huɗu muka sani.

Ɗalibin Madina: Wa alaikumus salam Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu, tikiti kuwa lokacin garin da za a sauka yake rubutawa. Ki cire biyun, saura huɗu da rabi. Tsakanin Kano da Jidda kusan kilomita 3,400 ne, jirgi kuma yana cin wajen 850 a awa. Awa huɗu ke nan, sai ɗan abin da tashi da sauka suka ƙara.

Baba Alhaji: Yaro, lissafinka na kan takarda ne. Alhazan 2023 da muka tarba sun yi kusan awa bakwai a sama, da ƙafafu a kumbure suka sauko. Su ma agogo ne ya ruɗe su?

Ɗalibin Madina: Allah ya ƙara girma Baba, ban musa ba. Amma wannan yaƙi ne ya jawo, ba nisa ba. Miƙaƙƙiyar hanyar ta kan Chadi da Sudan take bi, ta tsallake Bahar Maliya. Da faɗa ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar Sudan, dole jirage suka riƙa zagaye.

Baba Alhaji: To ka zo inda nake. Fasinja ba ruwansa da nisan taswira, hanyar da jirgi ya bi ita yake zaunawa. Kuma duk wanda ya san Sudan bai yi mamaki ba, don tun kakanninmu ita ce ƙofar Makka. A ƙafa suke ratsa ta har Suwakin, su hau jirgin ruwa, wasu su yi shekara da shekaru a hanya, wasu su zauna a garin Mai Wurno da ke can Sudan ba su ƙarasa ba. Ƙasar da ta ɗauke mu haka, yau ko ta samanta ana shakkar wucewa. Allah ya kawo musu zaman lafiya.

Direban Jidda: Amin Baba. Ni abin da ke cutar mutane a wurina daban ne: a sayar musu da tikitin jirgi mai araha wanda zai yada zango Alkahira ko Addis Ababa, su kwana a filin jirgi.

Hajiya ta Makka: Nata kai tsaye ne, ejan ya tabbatar.

Baba Alhaji: To ki sa ya nema mata keken marasa lafiya tun daga filin Malam Aminu Kano, da kujerar bakin hanya don ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa. Ko huɗun ne, ba wasa ba ne ga mai ciwon ƙafa.