Neman shawara: sau uku ana ce wa Yayata ciwon shayarwa ne

Maman Hadiza: Assalamu alaikum. Yayata, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, ta ji ƙullutu a nononta na hagu tana shayar da ɗanta na biyar a Tahoua. Mijinta direba ne, rabin wata yana hanyar Agadas, danginsa kuma ba su taɓa ƙaunarta ba, har uwar mijin tana cewa lalaci ne ke kwantar da ita da rana, alhali ita ke daka, ita ke ɗiban ruwa. Sau uku ta je wani asibitin kuɗi, kowane zuwa a ce nono ne ya daskare, a rubuta mata magani a sallame ta. Da na kawo ta Yamai aka yi mata hoto, aka tsakuri naman aka auna, sai aka ce ciwon daji ne, har ya kai kaluluwar hammata. Ina so in kai ƙara. Ta ina zan fara?

Alhaji Mamman: Ƴata, na daɗe ina magatakarda a kotu, ki saurare ni. Alƙali ba ya kama likita don cuta ta yi tsanani. Sai an nuna masa cewa likitan ya bar abin da duk likita mai lura zai yi, kuma jinkirin ne ya rage mata damar warkewa, wannan kuwa wani ƙwararren likita da alƙalin zai naɗa ne zai tantance shi daga takardu. Wata nawa tsakanin zuwan farko da awon Yamai? Ina karnenta, wato littafinta na asibiti?

Hajiya Rabi: Allah ya ba ta lafiya. Tawa mahaifiyar shekara guda ana ba ta maganin gyambon ciki, kuma ranar da ta cika ko ta'aziyya ba wanda ya yi mana a cikin likitocin. Likita ba ya ba da shaida a kan likita. Ki bar wa Allah, kuɗin aboka, wato lauya, ki saya mata abinci mai kyau.

Ungozoma Zali: Kumburin shayarwa yakan sauka idan an sha magani, saboda haka ƙullutun da ya ƙi tafiya bayan makonni ya cancanci ekogarafi, wato hoton na'ura mai duba cikin jiki, tun a zuwa na biyu. Amma ƙanwata, magani ne a gaba. Akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai, kuma tun 2007 doka ta sa ciwon dajin mata cikin abin da ake dubawa kyauta, ko da yake a aikace mutane na sayen magunguna da yawa. In ladabtarwa kike so, ki rubuta wa majalisar ɗa'ar likitoci, sai dai ita ba ta biyan diyya.

Maman Hadiza: Wata tara ne, Baba Alhaji. Karnen ya ɓace lokacin da suka tashi daga gidan haya. A zuwa na uku likitan ya ambaci ekogarafi da baki, bai rubuta ba, sai ta yi wata huɗu tana shan na gargajiya. Kada a zarge ta, domin wanda ya yi karatun da kansa ne ya ce mata ba komai.

Alhaji Mamman: To, waɗannan wata huɗun su lauyan asibitin zai riƙe, kuma ba zai sake su ba.

Malam Sani: Ku ɗauki dattawa biyu ku sami mai asibitin, a yi sulhu, ya taimaka da kuɗin magani. Shari'a tsakanin Tahoua da Yamai, kilomita sama da 500, za ta cinye ku.

Alhaji Mamman: Malam, wannan kuskure ne. Kada kowa ya taka wurin da maganar laifi kafin a karɓi kwafin abin da suka rubuta a kanta, kuma a nema a rubuce. Ita marar lafiyar ce ma ke da hakkin nema da na kai ƙara, ba ƙanwarta ba.

Maman Hadiza: Ai Yaya ba ta san ina wannan magana ba, mijinta ma bai sani ba. Gobe za a saka mata kimiyo na biyu, wato ƙarin ruwan maganin daji, ba zan ɗora mata zancen kotu tana amai ba. Babu yadda zan shigar da sunana ni kaɗai?