Hai-hat buɗaɗɗe yana fita da sautin rufaffe a MuseScore 3

Salamu alaikum. Ina rubuta kiɗan ganguna a layi biyar a MuseScore 3, manhajar rubuta notocin kiɗa. Babbar ganga tana lamba 36, sineya (ƙaramar ganga, wato snare) 38, hai-hat (faifan ƙarfe biyu da ake buɗewa da rufewa da ƙafa) rufaffe 42, buɗaɗɗe 46, duk bisa tsarin General MIDI, wanda ke ba kowane sautin ganga lambarsa a tasha ta 10, tashar ganguna. Hai-hat ɗin biyu suna zaune wuri ɗaya, saman layin ƙoli, da kan nota mai siffar x.

Matsalar: in na ɗora ƙaramin da'ira kan nota don nuna buɗewa, rubutun ya yi daidai, amma sautin 42 ne ke fita. Da alama da'irar ado ce kawai, ba ta taɓa lambar. Shin sai na sake shigar da kowace nota a 46, ko akwai hanyar sauya su gaba ɗaya?