Kibiyata mai reza tana kauce wa inda ta gwaji ke sauka

Assalamu alaikum, 'yan uwa maharba. Ina Kolorado a Amurka, ina shirin farautar elk, wata irin babbar barewa, da baka a watan Satumba, kuma abu ɗaya ya hana ni sakat.

Bakana na zamani ne mai gargare, ƙarfin jansa fam 70, tsawon ja inci 29, da hannun dama nake harbi. Kyauron kabon ne mai lambar tauri 340 (idan lambar ta ragu, taurin ya ƙaru), a gaba akwai kai mai nauyin giren 125 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne) da ƙarin tagulla giren 50. Kan gwaji mara kaifi yana shiga tsakiya daidai. Da na ɗaura kai mai reza biyu kafaffu, nauyi ɗaya, sai kibiyar ta sauka inci 3 dama a yadi 20, a yadi 40 kuma kusan inci 8.

Na juya kowace kibiya a kan tebur, babu mai rawa. Na harba ta cikin takarda, yagewar ta fito tsaf. Na matsar da mazaunin kibiya kaɗan-kaɗan, tazarar ta ragu, amma sai fuka-fukan suka fara gogar igiya. Mai shagon kayan harbi ya ce in koma kai mai buɗewa, wanda rezarsa ke buɗewa idan ya bugi dabba, ni kuwa hankalina bai kwanta da shi ba a kan haƙarƙarin dabba mai girman elk. Ba na son in raunata ta ta tafi ta mutu a daji.

Shin kyauron 340 ya yi wa wannan nauyin laushi ne, in koma 300? Na gode.