Shayin zoɓo da kuranberi, abin da matan unguwarmu suka ce

Jiya bayan la'asar a Jidda aka yi ta musu kan shayin nan, ga abin da na tsinta. Zoɓon dai, karkade kamar yadda Larabawa ke cewa, kowa ta yarda na yankin Kordofan a Sudan ya fi ja da tsami. Wata inna 'yar Sudan ta ce ita sam ba ta tafasawa, jiƙawa take a ruwan sanyi ya kwana, wasu kuma suka ce minti 10 a ruwan zafi ya isa, in ya wuce sai ɗaci. Kuranberin busasshe, wato wani ƙaramin jan ɗan itace mai tsami da Larabawa ke kira tut barri, da sukarinsa yake zuwa, to a ɗanɗana kafin a ƙara, ni dai citta da kanumfari nake jefawa. Mai shan maganin hawan jini ta fara tambayar likita, zoɓo na saukar da jini.