Yoga za ta iya mayar da Baba masallaci da ƙafarsa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan da Babanmu ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, hawan jini ne sila. Shekarunsa 63. Alhamdulillahi baki ya sake, yana miƙewa da sanda, amma ƙafar dama janta yake yi, silifas ma sai ya zame ya bar shi a tsakar gida. Ba abin da ke ci masa rai kamar ya ji an tayar da salla a masallacin bakin layi, shi yana zaune kan darduma. Ƙanena da ke karatu a Indiya ya turo bidiyon yoga, wani salon motsa jiki da sarrafa numfashi, ya ce a can ana yi wa masu wannan lalura. Kuɗin zuwa gashi, wato motsa gaɓoɓi a asibiti, sau biyu a mako ya fara fin ƙarfinmu. Mu daina zuwa mu riƙe yogar a gida?

Ma'aikacin gashi: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah kada ku daina. Wata uku zuwa shida na farko su ne lokacin da jiki ya fi saurin farfaɗowa, kuna ciki yanzu. Yogar da aka sauƙaƙa wa marasa lafiya takan taimaka wajen tsayuwa ba tangaɗi, ta rage tsoron faɗuwa, amma binciken da aka yi a kanta bai yi yawa ba. Tafiya kuwa da tafiya ake koyonta. Ku nuna wa mai yi masa gashi bidiyon ya zaɓa masa: zama a kujera da jan numfashi a hankali, karkata nauyi zuwa ɓarin da ya shanye, tashi da zama yana dafe da tebur. Ban da duk abin da ake sunkuyar da kai ƙasa ko riƙe numfashi, saboda jinin. Jan ƙafar nan kuma ku tambayi takalmin roba mai tallafe idon sawu. Silifas a ajiye shi.

Mai jinyar maigidanta: 'Yar uwa, na sha wannan hanyar. Kuskuren da na yi, da raunannen hannun nake jawo shi in zai tashi, kafaɗa ta goce, ya yi watanni yana fama da ciwo. Ta ƙugu za ku riƙe shi. Ku kula da wurin alwala, santsi ne ya kayar da namu. Batun kuɗi, mun roƙi a mayar da mu sau ɗaya a mako, aka koya mana na gida.

Wani dattijo: 'Yata, asalin yoga akwai ibadar Hindu a ciki. Ku ɗauki motsa jikin kaɗai, ku bar kalmomin da suke rerawa. Maganin hawan jini kuma kada ya yi fashi ko kwana ɗaya.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Jibi ranar gashinsa ce, zan tafi da wayar. Ɗazu da la'asar mun ƙirga, taku 18 ne daga ɗakinsa zuwa zaure, sau ɗaya ya tsaya hutawa.