Suna a bargon jariri da haɗin ƙyallaye: me ya sa haruffana ba sa daidaita?

Jummai, Fadaman Mada:
Assalamu alaikum masu keke. Ina so in haɗa wa ɗan yayata bargo da ragowar atamfa, da sunansa ƊAHIRU a tsakiya. Ba wanda ake yanka harafi a ɗora a kai nake so ba, so nake harafin ya fito daga haɗin ƙyallayen kansu. Na gwada H da A, ɗaya ya fi ɗaya tsayi, kusurwoyi ba su haɗu ba, kuma keken, Butterfly ne, yana haɗiye ƙananan ƙyallaye tun a farkon ɗinki. Bargon inci 36 da 45 nake so, kafin hunturu ya kankama. Wane awo zan bi?

Malam Tela, Wunti:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ba a hannunki matsalar take ba, a rarar ɗinki take, wato ɗan yadin da ake bari tsakanin ɗinki da bakin ƙyalle. Ɗinkin riga yana yafe kuskure, wannan ba ya yafewa. Rarar kwatan inci ce, ko'ina, ba ƙari ba ragi. Ki auna kwatan inci daga allura zuwa dama, ki manna salatif a kan farantin keken, bakin yadi ya riƙa bin sa. Ki gwada tukuna: ki yanka tsiri uku masu faɗin inci 1 da rabi, ki haɗa, ki goge. Faɗinsu ya zama inci 3 da rabi, na tsakiya inci 1 cif. In bai zama ba, ki matsar da salatif ɗin.

Sai zane. Ki samu takardar lissafi mai gida-gida, kowane harafi gida 3 a faɗi, 5 a tsayi, kowane gida inci 1. Ƙa'idar yanka guda ce: awon da kike so ya fito, ki ƙara masa rabin inci. Kuma kada ki yanka gida 15 don harafi ɗaya, wahala ce kawai. H ƙyalle biyar ne: dogaye biyu na atamfa, inci 1 da rabi da 5 da rabi, a tsakiya farin yadi biyu, inci 1 da rabi da 2 da rabi, da murabba'in atamfa na inci 1 da rabi tsakaninsu. Ki fara haɗa na tsakiyan, sannan ki sa dogayen gefe da gefe. Ya fito inci 3 da rabi da 5 da rabi. U kuwa huɗu ne.

Dalilin rage ɗinki: layin sunan nan inci 24 ne har da tazarar inci 1 tsakanin haruffa. Da gida-gida za ki bi, ɗinki 23 ke nan a jere. In kowanne ya ci milimita 1 fiye da kima, ya ci ta ɓangare biyu, kin yi asarar milimita 46, kusan inci 2.

Haɗiyar ƙyalle kuwa, ki fara ɗinki a kan wani tsumma, ki riƙe jelar zaren sama da na ƙasa, sannan ki tura ƙyallen a bayansa ba tare da kin yanke zare ba. Allura lamba 11 ko 12, sabuwa. Dakusasshiya ce ke tura yadi cikin rami.

Hajiya Maman Yara, Yelwa:
Malam ya gama da awo, amma ƙanwata ki wanke ƙyallayen kafin almakashi ya taɓa su. Atamfa tana da sitati, wata tana zuba, kuma ba duka suke tsukewa daidai ba. Ja da shuɗi mai duhu ki jiƙa su daban da ɗan farin ƙyalle a ciki. In ya rine, ki ajiye wannan atamfar. Kada ki gauraya leshi ko yadin roba da na auduga. Ki zaɓi mai ƙananan zane ko mai launi ɗaya, don babban fure a tsirin inci 1 ɓatar da harafin yake yi, daga nesa ba mai iya karantawa.

Guga ma ba irin ta kaya ba ce. Ɗora dutsen guga, ɗaga, kada ki ja, ja ne ke miƙar da ƙyalle. Rarar ki kwantar da ita wajen mai duhu. Inda ɗinki biyu za su haɗu, ɗaya ta kwanta dama ɗaya hagu, sai su sarƙe, kusurwa ta zauna.

Jummai, Fadaman Mada:
Allah Ya saka da alheri. To Malam, lanƙwasar Ɗ fa? Kuma R da A a zanena kamar tagwaye.

Malam Tela, Wunti:
Ɗ ki ba shi gida 4, na lissafa shi a inci 24 ɗin. Layin hagu fari ne, gidan sama kaɗai atamfa, shi ne ƙugiyar. Don rage kusurwa, ki ɗora farin murabba'i na inci 1 da rabi a kan kusurwar, fuska da fuska, ki ja layi da fensir daga kusurwa zuwa kusurwa, ki ɗinka a kan layin, ki yanke waje ki bar kwatan inci, ki juya ki goge. Ɗ kusurwoyin dama biyu, A na sama biyu, R ta sama ta dama kawai, sannan gidan dama na layi na uku daga sama ya zama fari. Nan suke rabuwa da A.

Hajiya Maman Yara, Yelwa:
Ciki kada ki sa soso, zafi gare shi kuma yana marmashewa. Siririn bargon auduga da aka wanke ya isa. Shi da shafin baya su fi fuskar da inci 2 ta kowane gefe. Ki kama su uku da fil, ki fara ɗinki daga tsakiya zuwa waje, tazara kada ta wuce inci 4, ki bi gefen haruffan kada ki ratsa su. Ga masu karatu kuma, in sunan Abdullahi ne ko Abdurrahman, ni dai shawarata a sa laƙabin yaron, tunda abin shimfiɗa ne da zai sha fitsari.