Tafiya Santambul da Hajiyarmu: dala zan riƙe ko yuro, kuma in sayi katin yawon nan?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Wata mai zuwa in Allah ya yarda zan raka tsohuwata Turkiyya, ita saro kaya za ta yi a Laleli, unguwar 'yan sari a Santambul, abaya da gyale da kayan yara, ni kuma ɗan rakiya da riƙon jaka. Kwana shida za mu yi. Biza ta fito, tikiti ma an yanka, daga Kumasi mu bi mota zuwa Accra sai mu tashi. Abin da ya tsaya min shi ne kuɗi, sidi ne a hannunmu kuma kowa da abin da yake gaya min, wani ya ce dala wani ya ce yuro tunda kusa da Turai ne, wani ma cewa ya yi in nemi lira, kuɗin Turkiyya, tun daga nan. Sannan na ga ana tallar wani kati a intanet wai in ka saya ka shiga wuraren tarihi duka kyauta. Hajiya tana son ta ga kayan Manzon Allah (SAW) da aka ce suna ajiye a can, wannan kam ta ce ko ba ta ga komai ba sai ta gan shi. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka min don Allah.

Mai Atamfa Kejetia:
Wa alaikumus salam ɗana. Lira kam manta da ita, ko ka samu a nan tsada za a tsuga maka, kuma kuɗi ne da ba ya zama wuri ɗaya, kullum faɗuwa yake. Dala za ka riƙe. 'Yan Laleli da dala suke maka lissafin sari, ka ga in ka kai yuro sai an sake juyawa, an ci ka sau biyu kenan.

Amma ka ji wannan da kyau: sabuwar takardar dala ɗari za ka karɓa, mai shuɗin zare a tsakiya. Ni zuwana na ƙarshe na tafi da tsofaffi guda takwas a ciki ban lura ba, na miƙa wa mai canji ta taga, ya ɗaga ɗaya sama ya duba ya turo min su duka ta ƙarƙashin gilashi yana girgiza kai, ko magana bai yi ba. Shago uku na shiga haka, ƙarshe da su na dawo Kumasi. Don haka a wajen canjin nan gida ka tsaya ka duba su ɗaya bayan ɗaya, mai yagewa ko wadda aka yi wa rubutu da biro ka mayar, kar ka ji kunyar kowa. Ka karɓi rasit kuma. In kuɗin ya wuce dala 10,000 sai an bayyana shi a filin jirgi, ka gaya wa Hajiya tun yanzu.

A filin jirginsu canza kaɗan kawai, na mota da ruwa. Cikin gari shagunan canji ko'ina, an rubuta Döviz a sama, can farashi ya fi.

Malamin Asawase:
Hajiya Mai Atamfa ta gama magana kan dala. Ni batun katin zan taɓa don na saya a 2024 kuma ban ci kuɗina ba. Sunansa Museum Pass Istanbul, ya haura yuro 100, kwana biyar yake aiki daga ranar da ka fara shiga da shi. Ga wanda ya je yawo zalla yana da amfani. Ku kuwa kasuwa za ta cinye muku kwana huɗu, ka yarda da ni, tsohuwa in ta wuni tana hawa benen shaguna da yamma ba abin da take so sai ta miƙe ƙafa.

Kayan da take son gani a fadar Topkapı suke, akwai ɗaki na musamman da ake karatun Alƙur'ani a ciki ba dare ba rana, ga takubba ga sauran amanoni. Sayi tikitin wurin kaɗai ku shiga. Ku je da sassafe, kuma ban da Talata, a rufe yake. Sauran wuraren da za su taɓa mata zuciya ba a biyan ko kwabo: masallacin Sultan Ahmed, Sulaimaniyya, da Eyüp Sultan inda kabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari yake. Ni a nan na fi daɗewa wallahi, na zauna a harabar bayan la'asar na kasa tashi. Masallacin Aya Sofiya ma ba ya cikin katin, tun 2024 masu kallo yuro 25 suke biya su hau sama, mu da muka je sallar azahar ta ƙofar masallata muka shiga.

Ɗan Aboabo:
Allah ya saka da alheri Hajiya, Malam na gode. To katin banki fa, in bar shi gida?

Yaron Alabar:
A'a yaya tafi da shi, ko don ɓacin rana, amma ka leƙa bankinka kafin tafiya su buɗe maka shi na waje. In na'ura ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi lira, ɗayan canjinsu ne kuma ba daɗi. Katin da ya zama dole shi ne Istanbulkart, na hawa mota, a tasha ake saya a na'ura a zuba masa lira. Taragon T1, jirgin ƙasa na cikin gari, yana bi ta Laleli ya wuce Sultanahmet har Eminönü, daga nan da katin dai za ku hau jirgin ruwa ku tsallaka Üsküdar, ɓangaren Asiya kenan, kuɗi kaɗan. Ni dai da zan koma ba zan biya masu tallar yawon teku a bakin hanya ba. Babbar kasuwarsu mai rufi ba ta buɗewa Lahadi, sai ku sa Topkapı ranar.